Me ya sa waƙata ke daɗi a hedfon, amma ta lalace a waya da wurin biki?

Tambaya daga wani matashi a Garin Malam, Damagaram: "Yaya, shekara biyu ke nan ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a ɗakina. In na sa hedfon waƙar tana fita fes. Amma da na tura wa abokai a waya sai murya ta nutse, bes ya ɓace, in kuma aka sa ta a sifikar biki sai ta riƙa fashewa. Ga shi ba ta kai ƙarar waƙoƙin da ke zuwa mana daga Kano ba. Wane filogin zan sa a mastarin ya gyara mini?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Shekara biyu gaban kwamfuta cikin zafin garin nan ba wasa ba ne, kuma tunda har ka ji da kanka cewa akwai abin da bai zauna ba, kunnenka ya fara buɗewa. Amma zan faɗa maka gaskiya tun daga fari: babu filogin (ƙaramar manhajar gyaran sauti da ake ɗorawa a kan waƙa) da zai yi maka wannan aiki. Nutsewar murya da ɓacewar bes da fashewar sifika duk an haife su tun kafin a kai ga mastarin, wato gyaran ƙarshe da ake yi wa waƙa bayan an gama haɗa ta. Mastarin gishirin ƙarshe ne. In miya ta riga ta kama a gindin tukunya, gishiri ƙaurin zai ƙara fitowa da shi.

Mu fara da ɗakin da kake ɗaukar murya. Tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. In ka ji wani siririn amo na bin bayan tafin kamar an taɓa kwano, to wannan amon yana shiga makirfonka tare da kowace kalmar mawaƙi, kuma in ya shiga ba ya fita. Ɗakunanmu na yanzu haka suke: bangon siminti mai sulɓi, ƙasa daɓe ko tayil, sama kwano, tsawo da faɗi kusan ɗaya. Na sha ɗaukar murya a tsofaffin ɗakunan laka na Birni, masu kaurin bango da rufin azara da yaɓe mai kaushi, muryar ta fito tsaf fiye da ta sabon gini mai fenti. Ga lissafin abin. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa guda. A ɗaki mai faɗin mita 3, sautin da ke wajen Hz 57, wato mai kaɗawa sau 57 a daƙiƙa, zai riƙa kai da komowa tsakanin bango biyu, ya taru a jikin bango da kusurwa, ya yi rauni a tsakiya. Mai mita 4 kuma wajen Hz 43. Ranar da ka sayi sifikar situdiyo ka ajiye kujera a tsakiyar ɗakin, za ka ji kamar babu bes, ka yi ta ƙarawa, alhali yana nan ya yi yawa.

Kada ka ɓata kuɗinka a kwalin ƙwai. Bai da kaurin da zai sha sauti, ƙura kawai yake tarawa lokacin hunturu. Katifa ta fi shi nesa ba kusa ba. Jingine ta a bango a bayan mawaƙi, ba a bayan makirfo ba, domin makirfon bakin mawaƙi yake kallo, kuma duk abin da ya dawo daga bangon da ke bayansa kai tsaye yake faɗawa ciki. Rataya bargo a gefe, shimfiɗa kafet mai kauri a ƙasa, ka cusa wata katifar a naɗe a kusurwa in akwai. Kashe fanka, ko da watan Afrilu ne, a ɗauki baiti ɗaya a kunna a sha iska a sake kashewa. In kana jin wani gurnani a ƙarƙashin murya, yawanci na wuta ne, domin lantarkinmu a Hz 50 yake kaɗawa, yana kuma haifar da 100 da 150. Zare cajar kwamfutar ka ɗauka a kan batir, sau da yawa nan take yake ɗaukewa. Lokaci kuma ka zaɓi dare bayan isha'i, in kabu-kabu sun ragu a hanya.

Tsakanin baki da makirfo a bar taƙi guda. In mawaƙi ya manne da shi, murya takan kumbura ta ƙasa ta yi nauyi, in ya yi nisa kuma ɗakin ne za ka ɗauka ba shi ba. Karkatar da makirfon kaɗan ya kalli gefen baki. Hausa tana da haruffan da ke dukan makirfo: ƙ da ts suna fita da wani ɗan tsartuwa mai kaifi, b da f kuma da iska. Safa siririya da aka ɗaura a zoben waya ta isa ta tare iskar. Sannan ka dubi mita. Sa ɗaukarka a bit 24, ka daidaita yadda in mawaƙi ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ba zai wuce -6 dB ba (dB ma'aunin ƙara ne, in ya wuce 0 a mitar sauti ya fashe), sauran waƙar tana yawo wajen -12 zuwa -18. Kada ka ji tsoron ganin zanen muryar ƙarami a allo. Ƙaramin zane ana ɗaga shi, amma wanda ya taɓa ja ya fashe, ya fashe ke nan.

Yanzu miksin, wato daidaita murya da kayan kiɗa su zauna tare, kuma a nan nake zargin rabin ciwonka yake. Buɗe tashar masta a FL Studio, inda duk sautukan waƙar ke haɗuwa, ka duba. Shafin da manhajar ke buɗewa da shi yakan zo da Fruity Limiter a zaune a can, yana danne duk abin da ya yi yawa ba tare da ya faɗa maka ba. Kai kana ƙara ganga kana ƙara bes, mita bai nuna ja ba, kana ganin lafiya lau, alhali limitan yana matse waƙar, kuma murya ce ke fara shan matsin. Kashe shi. Ja duk sandunan ƙara ƙasa. Ɗaga murya ita kaɗai tukuna, sannan ka shigo da ganga, sannan bes, sannan sauran, kowanne sai ya sami wurin zama a ƙarƙashinta. Na san a wasu wurare da ganga ake farawa. Mu masu sauraronmu magana suke bi: baiti, kirari, habaici, sunan amarya da na ango da na iyayen biki. Waƙar da ba a ji sunan da aka kira a cikinta ba, wanda ya biya kuɗinta ba zai dawo ba.

Wannan daidaitawar ka yi ta da ƙaramar ƙara, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba. Tun a 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin kauri da siranta daidai a kowace ƙara: in ƙara ta yi sama, bes da kaifi sukan fito su yi daɗi, in ta yi ƙasa su ja baya a bar tsakiya. Shi ya sa kowace waƙa ke daɗi in an ƙure hedfon. Wadda ta zauna da ƙaramar ƙara ita ce ta zauna.

Abin da ke nutsar da murya ba ƙarancin ƙararta ba ne, cunkoso ne. Kiɗan fiyano irin na Yamaha da muke amfani da shi cike yake: ga sarewa, ga goge, ga jita, ga wani sauti mai shimfiɗa a baya, duk suna zaune inda murya ke zaune. Wurare biyu za ka sa wa ido a ikwalaiza, filogin da ke rage ko ƙara kauri da sirantar sauti. Tsakanin Hz 200 da 500 nan ne laka ke taruwa, waƙa ta yi duhu kamar ana rera ta cikin randa. Tsakanin Hz 2,000 da 4,000 kuma nan ne kalmomi ke fitowa, nan ne kunne ya fi ji. Maimakon ka ɗaga murya a can, rage wa kayan kiɗan dB 2 ko 3 a daidai wurin, za ka ga muryar ta taso da kanta ba ka taɓa ta ba. Duk abin da ba bes ba ne ba ganga ba, yanke masa ƙasa: muryar namiji daga wajen Hz 80 zuwa 100, ta mace wajen 120, fiyano da jita har sama da haka in kunnenka ya yarda. Kuma kada ka gyara abu shi kaɗai kana jin daɗinsa, ka gyara shi sauran suna tafiya. In kuma kiɗan a haɗe aka ba ka shi, fayil guda, ikwalaizar TDR Nova kyauta ce, tana iya rage wa kiɗan wancan wurin a lokacin da murya ta shigo kawai, ta sake shi in an yi shiru.

Maganar bes a waya mai sauƙi ce. Sifikar waya ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ba ta iya fitar da Hz 50 ko 60 ko ka ƙara shi sau goma. Ƙarin da kake yi don wayar ta ji, shi ne ke fasa sifikar biki. Abin yi shi ne ka ɗan ƙona bes ɗin da filogin mai sa kaushi, kaɗan dai, sai ya haifi ƴaƴa a sama: mai Hz 55 ya ba da 110 da 165 da 220 har sama. Wayar ta fitar da na saman, kunne kuma da kansa ya cike gurbin uwar. Bes da babbar ganga kuma kada su yi kokawa a wuri ɗaya, ka zaɓi wanda zai riƙe can ƙasa, ɗayan ya hau kansa kaɗan.

Kalangu na raye daban yake, kuma ina roƙonka ka girmama shi. Na taɓa ɗaukar wani dattijon makaɗi, na tsaya ina kallon hammatarsa: gula tana sauka a fata, damtse yana matsa igiyoyin yana saki, sautin yana hawa yana gangarowa a cikin bugu ɗaya. A wannan gangarowar maganar kalangu take. Jikin sautinsa kuma yana zaune kusa da jikin muryar namiji, don haka in suka haɗu sai ɗaya ya rufe ɗaya. Kada ka yanke shi da ikwalaiza har ya koma gwangwani. Rage ƙararsa da hannu lokacin da ake baiti, ka sake shi a tsakanin baitoci ya yi maganarsa. Makirfo kuma taƙi biyu daga fatar da ake bugu, ba a manne ba.

Akwai darasin da na koya da zafi. Shekarun baya na haɗa wata waƙar aure, na kwana a kanta da hedfon. Ƴan amshi mata uku ne, na sa musu filogin mai faɗaɗa sauti, suka buɗe dama da hagu, abin gwanin daɗi. Ranar biki a Zango na je na tsaya a bayan rumfa. Mai kayan sauti ya haɗa dama da hagu a layi ɗaya, kamar yadda akasarinsu ke yi. Mawaƙi ya ja baiti ya kira sunan uwar amarya, aka zo wurin amshi, sai kiɗa tsura, matan can ƙasa kamar daga gidan maƙwabta. Na ga matar ta ɗaga hannu da kuɗin liƙi ta tsaya tana jiran amshin, ta sauke hannun. Irin wannan filogin yana sa ɓangaren dama ya saɓa wa na hagu, in aka haɗe su sai su cinye juna. Tun daga ranar ba na sakin waƙa sai na saurare ta a mono, wato dama da hagu a haɗe. A FL Studio akwai ɗan maɓallin raba sitiriyo a tashar masta, murɗa shi ya haɗe, ka ji abin da ya ɓace. Murya da bes da babbar ganga su zauna a tsakiya daram. Amshi in kana son faɗi, a rera shi sau biyu da gaske, ka ajiye ɗaya dama ɗaya hagu. Wannan ko an haɗe ba ya ɓacewa.

Kwamfiresa, mai danne ƙarar da ta yi tsalle don murya ta daidaita, ba zan daɗe a kanta ba. Kafin ka sa ta, bi muryar baiti-baiti ka ɗaga kalmar da ta faɗi, ka sauke wadda ta yi tsalle. Sannan ka sa ta a 3:1, ta riƙa rage dB 3 zuwa 5 a wuraren ƙarfi, kada ka sa ta kama da sauri sosai har ta cinye bakin kalma. In s da sh da ts suka fara yanka kunne bayan haka, suna wajen Hz 5,000 zuwa 8,000, nan za ka lallashe su.

Auto-Tune kuwa, mai jan murya ta dace da sautin kiɗa, tun 1997 yake duniya, kuma ba ni da faɗa da shi, ya riga ya zama ɗanɗanon waƙar zamani. Kuskuren da nake yawan ji shi ne barin sa a buɗe ga duk sautuka goma sha biyu. Yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya. Nemo su a fiyano, ka kashe sauran, in ba haka ba zai riƙa jan murya zuwa sautin da ba ya cikin waƙar, ka ji tana rawa. Ga mai rera irin na gargajiya, wanda ke zame murya daga sama zuwa ƙasa a gaɓa ɗaya, rage masa sauri sosai. Harshenmu mai karin sauti ne, in ka daddatse wannan zamewar sai lafazin ya zama na baƙo.

Amsa-kuwwa ita ce muka fi zubawa fiye da kima. Kada ka ɗora ta kai tsaye a kan murya. Buɗe mata tasha daban ka aika kaɗan, ka yanke mata ƙasan Hz 250 da saman 7,000, ka jinkirta shigowarta da kamar milisakan 30 don kalma ta fito kafin amon ya biyo. Mai maimaita kalma kuma lissafinta 60,000 a raba da saurin kiɗa: in kiɗanka 100 ne, bugu ɗaya milisakan 600 ne, rabinsa 300. Ɗaga ta har ka ji ta sarai, sannan ka rage har ta kusa ɓacewa. Ka tuna filin biki da zaure suna da nasu amon da za su ƙara.

To, ga mastarin ɗin da ka tambaya. Fitar da miksin a WAV, fayil ɗin sauti da ba a matse ba, bit 24, ƙololuwarsa wajen -6 dB, ka rufe kwamfuta ka je ka kwanta. Kunnen da ya wuni a kan waƙa ba ya iya yi mata hukunci. Da safe buɗe sabon shafi, ka ajiye ta kusa da wata waƙar da kake sha'awar sautinta, ka rage ƙarar waccan har su yi daidai, domin wadda ta fi ƙara kullum ita kunne ke zaɓa. Yanzu kwatanta: bes ɗin wa ya fi yawa, muryar wa ta fi gaba? In gyaran da kake buƙata ya wuce dB 1 ko 2, koma miksin, kada ka yi ta fama a nan. Daga nan sai limita, rufinsa a -1 dB, don in an mayar da waƙar MP3 ƙololuwa takan ɗan ƙaru ta fashe.

Ƙarar waƙa da LUFS ake auna ta, kuma Youlean Loudness Meter yana da na kyauta. Spotify da YouTube suna sauke waƙar da ta yi ƙara zuwa wajen -14, Apple Music wajen -16, don haka a can matse waƙa ba ya ƙara maka komai. Amma mu a nan waƙa ta memori take yawo, da Bluetooth da Xender da WhatsApp, kuma babu mai daidaita ƙara a wannan hanyar. In taka ta biyo bayan wata mai ƙara a wayar mutum, za a ji ta yi sanyi. Ni dai abin da nake yi, ina kai waƙar rawa wajen -10 ko -9, muddin limita bai rage fiye da dB 3 ba. In sai ya rage 6 ko 7 kafin ka kai can, bes ɗinka ne ya yi yawa, shi ke cinye wurin. Waƙoƙin Kano da kake ji da ƙara, in ka saurara da kyau, tsakiyarsu ce a cike kuma ƙasansu a ɗaure yake. MP3 ka fitar da shi sau ɗaya daga WAV, a ingancin kbps 320 ko 256, kada ka mayar da MP3 zuwa wani MP3. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil. WAV ɗin kuma ka adana shi wuri biyu, ka saba da danna ajiya kowane ɗan lokaci saboda ɗaukewar wuta.

Kafin ka saki, zagaya da ita. Saurara a wayarka, a ƙaramar sifikar Bluetooth, a mota in ka samu. Je wurin masu tura waƙoƙi a Kasuwar Dole ka roƙi ɗaya ya sa ta a sifikarsa cikin hayaniyar kasuwa, ka ja baya taku goma. Kai ta fada da dare a sa ta ana shan shayi, kada ka ce taka ce, ka ga ko hira za ta tsaya. Gwajin da na fi yarda da shi kuwa, sa wa inna ko ƙanwarka a waya, wadda ba ta san baitocin ba, ka ce ta maimaita maka abin da aka faɗa. Duk kalmar da ta ce "me ya ce?", rubuta ta, can aikinka yake.

Filogin na sata ka rabu da su, suna shigo da cuta kwamfuta kuma suna rufe aiki ana tsaka da shi. Abin da ya zo da FL Studio, da TDR Nova da Voxengo SPAN mai nuna zanen sauti da Youlean, sun ishe ka shekaru. Kunnenka kuma ka tausaya masa. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne dB 85 na awa 8, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu. In ka cire hedfon ka ji kunne na ƙara shi kaɗai, ka wuce gona da iri. Kowace awa ka tashi ka fita tsakar gida minti goma.

Waƙar da kake kai yanzu kada ka goge ta. Buɗe ta, kashe limitan masta, kashe duk amsa-kuwwa, mayar da ita mono, ka sake daidaita ta daga murya da ƙaramar ƙara. In ka gama ka turo mini WAV ɗin, tare da muryar ita kaɗai yadda ta shiga makirfo, ba Auto-Tune ba komai. Daga wannan muryar zan gane ko katifa za mu fara nema ko ikwalaiza.